Birnin Gwari: Tarihin Haƙar Zinariya Daga Zamanin Turawa Zuwa Yau

Birnin Gwari masarauta ce kuma ƙaramar hukuma a yammacin Jihar Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna ga wanda ya ɗauki hanya daga Mando ya bi ta Buruku. Ita ce mafi faɗin ƙasa a cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, domin ta haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun zarce 250,000. Tana iyaka da jihohin Zamfara, Katsina da Neja. Yawancin matasan yau sun san sunanta ne ta labaran tare hanya da garkuwa da mutane, amma tun kakanninsu suna yara sunan yake cikin littattafan ma'adinai na Turawan mulkin mallaka, a jerin manyan filayen zinariya na Najeriya.

Kusan shekara ɗari ke nan ana tonon zinariya a wannan yanki, wani lokaci a yi rububi, wani lokaci a watse. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa ba a taɓa yanke shawarar farawa ko dainawa a cikin garin ba. Kullum daga nesa take zuwa: daga Landan, daga Washinton, daga Legas, daga Abuja, ko daga kasuwar zinariya ta Dubai.

Inda zinariyar take

Ƙarƙashin ƙasar Birnin Gwari akwai wasu tsofaffin duwatsu masu falle-falle da suka miƙe kamar ɗamara daga arewa zuwa kudu. Masana ilimin duwatsu suna kiran wannan ɗamara da sunan Kushaka. Tana da 'yan uwa a Maru da Anka ta Jihar Zamfara, da Zuru da Yawuri ta Jihar Kebbi, har zuwa Ilesha a Jihar Osun. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, motsin ƙasa ya matse waɗannan duwatsu ya tsattsage su, ruwa mai tsananin zafi ya ratsa tsagogin, ya bar jijiyoyin farin dutse da ake kira ƙanƙara. A cikin waɗannan jijiyoyi zinariyar take, galibi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya iya gani.

Wurare biyu da suka fi fitowa a rubuce-rubucen masana su ne Kwaga da Tsohuwar Birnin Gwari, wato tsohon mazaunin masarautar kafin a koma sabon garin da ke bakin babbar hanya. Zinariyar iri biyu ce. Akwai ta cikin dutse, wadda sai an haƙa rami an fasa an niƙa. Akwai kuma wadda ruwan sama ya wanko cikin dubban shekaru ya zube a yashin rafuffuka da koguna irin su Mariga, wadda ake samu ta hanyar wanke yashi.

Zinariya ba ta fitowa ita kaɗai. Takan zo gauraye da ɗan kason azurfa, kuma a wurare da dama na wannan shiyya tana maƙwabtaka da dutsen dalma, wato dangin dutsen nan mai ƙyalli da ake daka tozali da shi. Wannan maƙwabtaka ce ta zama sanadin mutuwar ɗaruruwan yara daga baya.

Yadda arzikin ƙasa ya zama na Sarkin Ingila

Zinariyar da ta yi suna a kasuwannin Kano da Katsina kafin zuwan Turawa daga yamma take zuwa. Fataken goro ne suke kawo ta daga Gwanja da ƙasar Asante, ana auna ta da miskali. Ƙasar Gwari kuwa, a ƙarshen ƙarni na 19, an fi saninta da hare-haren Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, waɗanda suka tarwatsa garuruwa da yawa.

Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin Royal Niger Company. A cikin yarjejeniyar sallamar kamfanin akwai sharaɗin da ya shafi Birnin Gwari kai tsaye, ko da yake babu wanda ya nemi jin ta bakin mutanenta: kamfanin zai riƙa karɓar rabin duk kuɗin fito na ma'adinan da aka haƙa tsakanin Kogin Kwara da wani layi da aka ja daga Yola zuwa Damagaram, har tsawon shekara 99. Sai a 1950 gwamnati ta fanshi wannan haƙƙi daga magajinsa, kamfanin UAC, a kan fam miliyan ɗaya.

Tsakanin 1904 da 1909 Turawa suka gudanar da binciken ma'adinai na farko a Arewa. A 1913 aka fara rubuta alƙaluman zinariyar da ake haƙowa a Najeriya. Dokar Ma'adinai ta 1916 ta ɗora mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Sarkin Ingila, sannan a 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Najeriya, wadda daga baya ta yi mazauni a Kaduna. Daga nan manomi ya zama mai gona amma ba mai abin da ke ƙarƙashin gonar ba.

Rububin shekarun 1930

Abin da ya mayar da Birnin Gwari garin mahaƙa ya faro ne daga karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929. Farashin kuza ya faɗi warwas, kuma a 1931 ƙasashe masu haƙo kuza suka amince su rage yawan abin da suke fitarwa. Dubban lebura a tsaunukan Jos suka rasa aiki, haka ma ƙananan Turawa masu neman sa'a da ke riƙe da 'yan filaye. A daidai lokacin zinariya ta yi tashin gwauron zabi: Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinariya a watan Satumban 1931, sannan a Janairun 1934 Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya daga dala 20.67 zuwa dala 35.

Sai jama'a suka kwararo daga Jos zuwa filayen Minna, Birnin Gwari, Zamfara da Yawuri. Aikin bai buƙaci manyan injuna ba. Diga, shebur, kwanon ɗaukar ƙasa da ƙwaryar wanke yashi sun wadatar. Mai lasisi, wanda galibi Bature ne ko Kwara, shi ke riƙe da takardar fili. 'Yan ƙasa kuwa ko dai su yi masa lebura, ko su wanke yashi da kansu su sayar masa a farashin da ya yanka, domin doka ta hana wanda ba shi da izini riƙe ɗanyar zinariya ko cinikinta. Da yawa daga cikin masu aikin manoma ne 'yan cin rani, waɗanda harajin da ake biya da tsabar kuɗi ya tilasta wa fita neman sulalla da zarar an gama girbi.

A shekarun da abin ya kai ƙololuwa, zinariyar da aka rubuta a Najeriya baki ɗaya ta ɗan haura tan ɗaya a shekara. Mafi yawanta daga yashin rafi aka wanko, kuma kusan dukkanta Ingila ta nufa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kashe wannan kasuwa. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, wadda ake buƙata wajen ƙera kayan yaƙi. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita haƙar zinariya, ta juya ma'aikata da kayan aiki zuwa Jos, ta kuma ƙaƙaba aikin tilas a lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944. An kwashi dubun dubatar talakawa zuwa ramukan kuza, inda sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da yawa. Bayan yaƙi filayen zinariya ba su farfaɗo ba, domin farashi ya tsaya cak a dala 35 alhali kuɗin aiki na ta hauhawa.

Batun mallakar ma'adinai ya shiga gwagwarmayar neman 'yanci. Sabuwar dokar ma'adinai da aka kawo a 1945 tana cikin dokokin da jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana yaƙa a 1946. A wannan rangadi ne Herbert Macaulay ya kwanta rashin lafiya a Kano, aka mayar da shi Legas ya rasu. Tawagar da ta kai ƙorafin Landan a 1947 ta haɗa da Nnamdi Azikiwe, Funmilayo Ransome-Kuti da Bukar Dipcharima. Da aka samu 'yanci a 1960, ƙa'idar ba ta sauya ba. An cire sunan Sarkin Ingila, an sa na Gwamnatin Tarayya.

Shekarun mantuwa

A 1957 hukumar binciken duwatsu ta buga rahoton W. Russ a kan duwatsu da zinariyar sassan lardunan Neja, Zariya da Sakkwato, wanda har yau masu bincike suke komawa gare shi. Shekara ɗaya kafin nan aka gano man fetur a Oloibiri, kuma cikin ɗan lokaci hankalin hukuma ya koma can. An kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya a 1972, ta kuma taɓa neman zinariya a shekarun 1980, amma aikin bai kai ga buɗe babbar mahaƙa ba. A wannan tsakani Birnin Gwari ta rayu da noman masara, dawa da doya, da kasuwar shanu, da kuma kasancewarta zango ga direbobin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Legas ta Tegina. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999.

Dawowar rububi

Farashin duniya ne ya sake buɗe tsofaffin ramuka. Oza ɗaya ta haura dala 1,000 a 2008, ta kai wajen dala 1,900 a 2011, ta ƙetare dala 2,000 a 2020, sannan dala 3,000 a watan Maris na 2025. Ga saurayin da ba shi da aiki, giram ɗaya na iya fin abin da zai samu a makonni yana ga-noma.

A wannan karon an fi bin jijiyar dutse. Mahaƙa sukan nutsa rami mai zurfin gaba da yawa da diga da guduma, su cika buhuna da dutse, a kai wa injin niƙa. Garin dutsen ake wankewa a kan kwararo mai shimfiɗe da darduma, wadda ke riƙe ƙwayoyi masu nauyi. Sai a zuba zaiba ta tattara zinariyar ta zama curi, a ƙona curin zaibar ta tashi hayaƙi, zinariya ta rage. Kusan kowace ƙungiyar mahaƙa tana da ubangida da ke ba ta abinci da kayan aiki bashi, bisa sharaɗin shi za a sayar wa abin da aka samu. Daga hannunsa sai dillali, daga dillali sai babban ɗan kasuwa, daga nan sai ƙetare. Wanda ya shiga rami shi ne mai ƙaramin kaso: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin aƙalla tan 435 na zinariya daga Afirka, mafi yawanta zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Zinariyar da ta bi wannan hanya ba ta shiga littafin kowace hukuma, saboda haka ba a biya mata kuɗin fito.

A watan Afrilun 2016, a taron zuba jari na Kaduna, gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya ce zinariyar da ke Birnin Gwari ta fi ta Afirka ta Kudu yawa. Mai karatu zai iya auna maganar da alƙaluma biyu. Filin Witwatersrand na Afirka ta Kudu ya fitar da fiye da tan 40,000 tun daga 1886. Mahaƙar Segilola ta Jihar Osun kuwa, wadda ta fara aiki a 2021 kuma ita ce babbar mahaƙar zinariya ta zamani ta farko a Najeriya, tana fitar da tan biyu da rabi zuwa uku a shekara. Yawan abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya tabbata sai an huda ramukan gwaji masu yawa, an auna samfuri a ɗakin bincike, an buga sakamako.

Gubar dalma

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dalili shi ne ana kawo dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu suka makance ko ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Garin Bagega bai samu kuɗin share gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013, bayan gangamin da matasan Follow The Money suka jagoranta a kafafen sada zumunta.

A 2015 abin ya maimaitu a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Rafi maƙwabciyar Birnin Gwari ce, duwatsunsu dangin juna ne, hanyar sarrafa dutsen ma iri ɗaya ce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Hayaƙin zaiba shi ma yana lalata jijiyoyi da ƙoda, kuma Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da shi a 2018.

Zinariya da bindiga

Rikicin Birnin Gwari bai faro daga zinariya ba. Tushensa satar shanu ne, da saɓanin manoma da makiyaya, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, da dazuzzukan Kamuku, Kuyambana da Kuduru da suka haɗe jihohi huɗu babu hukuma a ciki. Amma mahaƙa wuri ne da tsabar kuɗi ke yawo nesa da jami'an tsaro, kuma zinariya kaya ce marar nauyi da ake iya musayarta da makami. Saboda haka 'yan bindiga suka riƙa kai wa mahaƙai hari, daga baya suka koma ƙaƙaba musu haraji.

A ƙarshen Afrilun 2018 an kashe mahaƙa 14 a Janruwa. Mako guda bayan haka, ranar 5 ga Mayu, aka afka wa ƙauyen Gwaska, aka kashe fiye da mutum 45, abin da ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a kafa bataliyar soja ta dindindin a yankin. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, ta samu gindin zama a gabashin masarautar. A watan Satumban 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure wani jagoranta, Mahmud Usman, shekara 15 bayan ya amsa laifin haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba.

A Zamfara, Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Afrilun 2019, amma kashe-kashe ba su tsaya ba, kuma an janye haramcin a Disambar 2024. Haramci yakan kori mai lasisi da talaka mai tsoron hukuma, ya bar wa mai bindiga fili.

Wa ke da me a dokar yau

Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ɗora filaye a hannun gwamnan jiha. Ke nan saman ƙasa na Kaduna ne, ƙarƙashinta na Abuja, kuma Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, da shugaban ƙaramar hukuma ba su da ikon ba kowa lasisi.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ba ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ikon bayar da lasisi. Lasisin bincike yana iya kai wa murabba'in kilomita 200, na ƙaramar haƙa kuma bai wuce uku ba. Dokar ta ƙunshi tanade-tanade uku da suka shafi talaka. Dole a sanar da mai fili a nemi yardarsa. Dole kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Dole kowace jiha ta samu kwamitin ma'adinai da kare muhalli. Sashe na 162 na kundin kuma ya ba jihar da aka haƙo arziki aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo, amma daga abin da aka rubuta kawai ake lissafa shi. Rahotannin hukumar NEITI sun sha nuna cewa ma'adinai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba.

Gwamnati ta gwada shigar da ƙananan mahaƙa cikin tsari ta shirin PAGMI, wanda a Yulin 2020 ya miƙa wa Shugaba Buhari sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5 da Babban Bankin Najeriya ya saya a kan naira miliyan 268. A Maris na 2024 kuma aka ƙaddamar da dakarun tsaron mahaƙai daga rundunar Sibil Difens.

Abin da ya faru a wasu wurare

Garuruwan ma'adinai da suka shuɗe suna nuna inda irin wannan tafiya takan ƙare. Potosi ta ƙasar Boliviya tana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 4,000. An gano azurfa a can a 1545, kuma a farkon ƙarni na 17 mutanenta sun kai wajen 160,000, tana gogayya da manyan biranen Turai. Sarakunan Sifaniya sun tilasta wa ƙauyuka aiko da kashi ɗaya cikin bakwai na mazajensu aikin rami kowace shekara, ana tace azurfar da zaiba kamar yadda ake yi wa zinariya a dajin Kaduna yau. Azurfar ta tafi Turai da Sin, lardin Potosi kuwa yana cikin mafiya talauci a Boliviya har yanzu. A nan kusa, tsaunukan Jos sun gaji ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da kamfanonin kuza suka bari ba su cike ba.

Halin da ake ciki

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ajiye makamai, ya kuma buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Motoci sun dawo kan hanya, manoma sun koma gonakin da suka bari. Zaman lafiya kuma zai jawo masu lasisin da tsoro ya hana zuwa, a lokacin da farashin zinariya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

Akwai tambayoyin da doka ta ba kowane ɗan ƙasa damar yi a rubuce, ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Su wane ne ke riƙe da lasisin filayen Kwaga da Tsohuwar Birnin Gwari, kuma yaushe wa'adinsu zai ƙare? Da wa suka ƙulla yarjejeniyar raya al'umma, kuma me ta ƙunsa? Nawa Jihar Kaduna ta karɓa a matsayin kashi 13 na ma'adinai, kuma nawa ya koma ƙaramar hukumar? Yara nawa aka gwada jininsu a ƙauyukan da ake niƙa dutse? Amsoshin suna ofishin rajistar filaye da Ma'aikatar Ma'adinai a Abuja, da kuma ma'aikatun kuɗi da lafiya na jiha a nan Kaduna.